Dalhatu Sarkin Ruwa da Turmin Ceto

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya ajiye numfashi amana a ƙirjin bawa, Ya sanya ruwa abin rayuwa, Ya kuma sanya shi abin tsoro ga wanda bai san haddinsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, ni ne nake jan salla a ɗan masallacin wata masaƙa da ke Challawa. Mafi yawan abin da zan faɗa a gaban idona ya auku. Wanda ya auku a Bompai da Sharaɗa kuwa, na karɓo shi daga bakin mutanen da ba na tuhumarsu da ƙarya.

Masaƙar tana jawo ruwa daga kogi zuwa wani babban tafki na siminti a bayan ɗakin rini. A ƙasan tafkin akwai ragar ƙarfe mai tace ruwa, wadda takan toshe da leda da ciyawa. Saboda haka kamfani ya ɗauko wani ƙwararre mai suna Samson, mutumin Filato da ya daɗe yana aiki a teku can kudu, ya koya wa ma'aikata biyu nutso da tukunyar iska a baya. Na farkonsu Dalhatu, na biyu Bala.

Ba zan zalunci Dalhatu ba, ya iya nutso. Sai dai nutsonsa yana da wata ɗabi'a: yakan ƙara zurfi bayan ya fito. Idan ya shiga tsawon ɗaki da hantsi, kafin ya isa teburin mai shayi ya zama rijiya, kafin ya isa majalisarsu ta Sharaɗa da yamma ya zama teku. Yana cewa kakansa Sarkin Ruwa ne, ko da yake mutanen ƙauyensu sun shaida mini cewa tsohon kifi busasshe yake sayarwa. Goro ba ya barin kuncinsa, kuma ba ya gutsura kamar mutane, ɓari guda yake jefawa. Bala kuwa ƙato ne mai sanyin jiki, ba abin da ke gaggauta tafiyarsa sai ƙamshin abinci.

Ana nan sai kamfani ya ce zai tura mutum ɗaya daga cikin biyun horon ceto a ruwa, in ya dawo ya zama shugaban masu ceto na masaƙa. Za a faɗi sunansa ranar taron kiyaye haɗurra. Dalhatu bai jira wannan rana ba. Ya sanar da Sharaɗa kaf cewa shi za a tura, ya sa tela ya ɗinka masa jar hula, ya sa aka rubuta Sarkin Ruwa a bayan babur ɗinsa.

Wata rana bayan mun idar da la'asar, Samson ya tare shi a ƙofar masallaci, ina zaune ina lazimi.

"Malam Dalhatu, akwai sharaɗi fa. Ba a karɓar kowa a horon ceto sai ya zo da shaidar koyon taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi, kuma kada shaidar ta wuce shekara biyu. Akwai aji a Bompai duk Asabar da Lahadi. Hajiya Nafisa, nas ce, ita ke koyarwa."

Dalhatu ya juya goro daga wannan kunci zuwa wancan. "Oga Samson, ni za a koya wa agaji? Na yi ɗan agaji tun ba ka fara aske gemu ba. Hulata tana nan cikin akwati."

"Me kuke yi a agajin?"

"Tsare ƙofa, daidaita sahu, korar masu talla."

"Ka taɓa danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya?"

"Ƙirji? Wa ya ce maka a ƙirji ruwa yake zama? A ciki yake. Turmi ake kwantarwa, a kifa mutum a kai, a mirgina shi gaba da baya. Ruwa ya zubo ta baki, ya tashi ya nemi fura. Haka kakana yake yi."

Samson ya ce, "Ba ruwan ciki ne ke kashe wanda ya nutse ba, rashin iska ne. In ka tsaya matsar cikinsa, amai zai taso ya koma huhu, lokaci kuma yana wucewa."

Sai Dalhatu ya juyo gare ni. "Malam, ku raba mu."

Na ce, "Dalhatu, abin da malamai suka karantar da mu shi ne, sharaɗi in ya faɗi, aiki ya faɗi. Komai tsawon ƙira'ar mutum, in ba shi da alwala ba shi da salla."

"Gafarta Malam, ai akwai taimama. Turmi shi ne taimamata."

"Taimama sai an rasa ruwa. Aji kuwa ga shi nan a Bompai."

"Ciwo ma yana halatta ta, Malam, ku kuka koya mana. Ni kuwa in na tuna zan durƙusa gaban 'yar tsanar roba ina hura mata baki, mace tana tsaye a kaina da sanda, zuciyata ciwo take yi."

Nan na ga karatuna ya komo mini ta hanyar da ban aike shi ba.

A daren nan bai yi shawara da kowa ba, da safe sai ga shi da dabara cikakkiya, ya kira Bala gefe. Ranar taro, Bala zai yi kamar ya faɗa tafki. Dalhatu zai tsamo shi, ya farfaɗo da shi a kan turmi a gaban manaja da baƙi. Manaja in ya ga haka da idonsa, sai ya soke sharaɗin. Kafin nan kuma Bala zai riƙa zuwa ajin Bompai, ya ɗebo masa sirrin abin da ake yi, don ya san ta inda zai kushe su. Bala ya ƙi, har sai da ya ji ana raba cincin da lemo a ajin, sannan aka yi masa alkawarin gurasa bandashe ranar nutsewa.

Duk ranar da ya dawo sai Dalhatu ya tsare shi. "Me suka yi yau?"

"Ɗaurin rauni, da yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa. Sannan aka kawo cincin."

"Bar zancen cincin."

"Sai yadda ake yi da wanda abu ya maƙale masa a maƙogwaro. Sannan aka kawo lemo mai sanyi, Yaya, har da raɓa a jikin kwalbar."

"Shirme! Muna zancen nutso, me ya haɗa mu da maƙogwaro? Ka ga abin da nake faɗa?"

Da rana ta matso, Dalhatu ya ga ya kamata a gwada turmi. Ya kai Bala gidansa a Sharaɗa, ya tarar matarsa Atika ta zuba gero za ta surfa. Ya juye geron a tabarma, ya kwantar da turmin a tsakar gida.

"Baban Maryam, lafiya? Me turmina ya yi maka?"

"Aikin ceton rai za a yi da shi. Ki yi murna, turminki zai shiga tarihi."

"Tarihi zai yi mana tuwon dare?"

Ya kifa Bala a kai, ya kama ƙafafunsa ya fara turawa kamar mai tura baro. Abin da ya manta shi ne, Bala ya ci malmala uku da miyar kuka kafin su taho. A turawa ta farko Bala ya yi salati. A ta biyu ya ce a sanar da mahaifiyarsa. A ta uku ruwa bai fito ba, amma tuwo ya fito, har kan geron Atika.

Dalhatu ya ja da baya yana murna. "Kun gani? Duk abin da ke ciki sai ya fito!"

Atika ta ɗauki taɓarya, su biyun suka fito waje ba takalmi.

Bala ya rantse ba zai sake hawa turmi ba sai ranar taro, amma ya ce Hajiya Nafisa takan ba ɗalibai aron mutum-mutumin roba su gwada a gida. Suka tafi Bompai. Bala ya shiga siton da ake ajin ya ɗauko shi, Dalhatu yana maƙale a bayan wata tirela kada a gan shi. Abin tsawon mutum ne, da ƙafafu da hannuwa, baki a buɗe. Don kunyar kada a ce Sarkin Ruwa yana yawo da 'yar tsana, sai ya naɗe shi tsaf da farin yadin da ya samo daga masaƙa, ya ɗaure kai da ƙafa. Suka tari adaidaita sahu, suka kwantar da shi a kan cinyoyinsu, ƙafafun suka leƙo waje.

Mai adaidaita ya cire hula, ya kashe rediyo, ya ce, "Allah Ya jiƙan Musulmi," ya fara tafiya a hankali. Cunkoson manyan motoci ya tsare su. Masu dako suka ajiye kaya suna salati. Wasu bayin Allah masu kwaɗayin ladan jana'iza suka biyo bayansu da ƙafa. Kafin su kai shingen 'yan sanda, sun tara sahu mai kyau.

Wani saje ya ɗaga hannu. "Gawar wane ne wannan? Ina za ku da ita a adaidaita?"

Da Dalhatu ya ce roba ce, da an wuce wurin. Amma ya ga jama'a, kuma bai taɓa ganin jama'a ya bar su haka ba. Ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka damu. Gida zan kai shi in tashe shi."

"Ka yi me?"

"In tashe shi. Sana'armu ce ta gado."

Aka ce su sauko. Aka kwance yadi a bakin titi, farar fuska ta bayyana, baki a wangame. Mai adaidaita ya bar kekensa ya ruga. Masu bin jana'iza suka watse, wani dattijo yana cewa a maido masa da fatihar da ya karanta. Saje ya ƙwanƙwasa goshin da sanda, ya ji roba, ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce su kwashe abinsu su ba shi wuri.

Labari ya riga su isa Sharaɗa, kuma ya yi ƙiba a hanya. Suka tarar da matan unguwa a tsakar gida sun zo jajen cewa an kama maigidan da gawar Bature. Dalhatu ya ce tunda an taru, sai a kalla. Ya kifa mutum-mutumin a kan turmi, ya mirgina shi da ƙarfin gaske. Kan ya ɓalle, ya gangara ta tsakanin ƙafafun mata, ya tsaya a bakin murhu yana kallon sama. Mata suka yi waje suna a'uziyya.

"Ƙirar Turawa ba ta da ƙwari," in ji Dalhatu. "Ɗan Adam kansa ba ya cirewa."

Bala ya shafa wuyansa.

Ranar taro ta zo. Aka kafa rumfa a bakin tafki. Manaja ya zauna da baƙi daga masana'antun Sharaɗa da Bompai. Hajiya Nafisa da ɗalibanta suna can ƙarshen rumfa da mutum-mutuminsu, an naɗe masa wuya da salatif. Iyalan ma'aikata sun cika wurin. Na buɗe taro da addu'a, na roƙi Allah Ya tsare mu daga haɗarin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ban san na biyun yana ɓoye a ƙarƙashin wani tamfol kusa da ni ba.

Manaja yana cikin jawabi sai Bala ya taso, yana suɗe yatsu daga gurasar da aka cika masa alkawari. Ya isa bakin tafki wajen matakala, ya cire takalmi ya jera su, ya ɗora wayarsa a kai, ya ce da ƙarfi, "Wayyo, na faɗa!" Sannan ya sauka a hankali har ruwa ya kai masa ƙugu, ya tsaya yana kaɗa hannu.

Samson ya ɗauki tayar ceto, ya dubi inda ruwan ya tsaya wa Bala, ya ajiye ta, ya harɗe hannu.

Sai ga Dalhatu daga bayan ɗakin janareta, a shirye tsaf: rigar roba, tukunyar iska, gilashin fuska, faffaɗan takalman iyo, da jar hula a bisa duka. Yana ihu, "A ba ni hanya!" Hanya a buɗe take, takalman ne suka hana shi sauri. Yana ɗaga ƙafa kamar agwagwa a garwashi, ya faɗi ya tashi, ya sake faɗuwa. Bala ya gaji da kururuwa, ya ce, "Yaya, in ci gaba ko in huta?"

Da ya iso, ya ga bai dace Sarkin Ruwa ya shiga ta matakala ba. Ya zagaya ɓangaren mai zurfi ya yi tsalle, ya nutse, ya bar hula tana yawo a sama. Muka tsaya muna bin kumfar numfashinsa da ido. Ta yi gabas, ta yi kudu, ta zagaya ragar ƙarfe. Yana can ƙasa yana laluben mutumin da ke tsaye a matakala. Daga ƙarshe kumfar ta matso, Bala ya sunkuya ya kamo shi ta madaurin tukunya ya ɗago shi.

Dalhatu ya tofar da bututun iska. "Ka mutu mana!" Ya yi nufin raɗa ne, amma har manaja ya ji.

Bala ya rufe ido ya saki jiki. Da ƙyar lebura huɗu suka taya fito da shi. Dalhatu ya yaye tamfol.

"Turmina!" Muryar Atika ce daga cikin mata. "Tun asuba nake nemansa!"

Aka kifa Bala a kai. Dalhatu ya daɗe a ruwa ba goro, don haka ya karɓi ɓari daga hannun wani lebura ya jefa a baki. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan turmi, ya fuskanci rumfa.

"Jama'a, ku shaida! Ga mutum ya sha ruwa ya tafi. Babu 'yar tsana, babu aji, babu takarda. Yanzu za ku ga abin da kakana..."

Simintin wurin yana da gangare, kuma ya jiƙe. Turmi ya motsa, takalmin iyo ya zame, Dalhatu ya ja numfashi da ƙarfi don ya tsaya, goro ya bi iska ya wuce inda ba a aike shi ba.

Shekaru ina tare da Dalhatu, ban taɓa ganin bakinsa a buɗe ba sauti ba sai ranar. Ya kama wuya da hannu biyu, ido ya firfito. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, har wasu suka fara tafi. Hajiya Nafisa ce ta gane, ta taso tana ture mutane tana cewa, "Ya shaƙe! Ku matsa!" Amma taron ya yi kauri tsakaninta da shi.

Bala, yana kife a kan turmi, ya ji shiru ya yi yawa. Ya buɗe ido ɗaya. "Yaya, in farfaɗo?"

Ba amsa. Ya buɗe na biyun, ya ga fuskar Dalhatu tana canza launi. Wallahi ban taɓa ganin Bala ya tashi da sauri irin na ranar ba, ko da an ce an sauke tukunya.

"Ka shaƙe ne? Yi tari!" Tari bai fito ba. "Oga Samson, tukunyar!"

Samson ya riga ya iso, ya ɓalle madaurin, ya sauke tukunyar daga bayansa. Bala ya sunkuyar da Dalhatu, ya dinga dukan tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu. Goro ya ƙi. Ya zagaya bayansa, ya rungume shi, ya dunƙule hannu a saman cibiya, ya ja ciki da sama. Ya sake ja. A na gaba goron ya fito kamar an harba shi da gwafa, ya ƙetare teburin baƙi, ya faɗa cikin kofin manaja.

Dalhatu ya zube a gwiwa yana jan iska da ƙara. Wurin ya ɗauki kabbara. Atika ta iso tana kuka, ta tabbatar yana numfashi, sannan ta wuce ta duba turminta.

Manaja ya daɗe yana kallon kofinsa. Sannan ya tambayi Samson wane ne cikin biyun ya cika sharaɗi. Hajiya Nafisa ta ce Bala bai taɓa fashin aji ba, kuma ya ci jarrabawa, sai dai tana roƙon kamfani ya ƙara yawan cincin a zango na gaba. Nan take aka ambaci sunan Bala. Wani ya tsamo jar hular da sanda, aka ɗora masa. Ta yi masa kaɗan, ta zauna a tsakar kansa tana ɗigar ruwa. Hajiya kuma ta tasa Dalhatu gaba zuwa asibiti, ta ce duk wanda aka matsa wa ciki haka dole likita ya duba shi.

Na ɗauka zai yi kwanaki bai fito ba. Washegari da azahar sai ga shi a sahun farko, muryarsa a dishe. Bayan sallama ya matso kusa da ni, jama'a suka kewaye mu.

"Malam, ku yi mana hukunci da adalci. Wa ya tura Bala makaranta?"

Na ce, "Kai ne."

"Wa ya ba da maƙogwaronsa aka yi masa jarrabawa a gaban manaja?"

"Wannan ma kai ne, ko da yake ban ga alamar niyya ba."

"To, ina ya matsa mini? Ciki. Ina kakana yake matsawa? Ciki. Hanyarmu ce ta gado, Malam, turmin kawai suka rage."

Samson, da ke wucewa ta ƙofa, ya ce, "Wancan na shaƙewa ne, Malam Dalhatu, ba na nutsewa ba. Bambancin yana cikin darasi na biyu. Asabar ake fara sabon zango."

Dalhatu kuwa ya tafi ajin. Ya ce wa majalisar Sharaɗa an gayyace shi ne ya duba musu ingancin karatu. Wanda ya je ya gani ya ba ni labari cewa Hajiya Nafisa ta ajiye wani ɗan kwano a bakin ƙofa, ba ya shiga sai ya tofar da goronsa a ciki. Sannan ya durƙusa gaban mutum-mutumin nan mai salatif a wuya, yana danna ƙirji, Bala yana tsaye a kansa da jar hula da cincin a hannu, yana cewa, "Ƙara ƙarfi, Yaya, amma ka bar masa kansa."

Allah Ya sa mu cika sharaɗi kafin mu nemi hula. Ya tsare numfashinmu a tudu da ruwa, Ya sanya na ƙarshensa ya fita da kalmar shahada. Ya gafarta wa wanda ya rubuta wannan, Ya yi albarka ga wanda ya karanta da wanda aka karanta wa, da iyayenmu baki ɗaya. Amin.